Hoto Guda a Faru

Abubuwa da yawa sun faru da ni waɗanda yanzu ko an tuna mini sai na yi ta lalube kafin in kamo bakin zaren, amma ranar da na ɗauki hoton mahaifina da mahaifiyarsa a Faru tana nan daram a zuciyata, kuma na tabbata da ita zan koma ga Mahaliccina. Abin dariyar shi ne a lokacin ko ɗaukar hoton ban iya ba. Ɗan koyo ne ni, irin wanda ke riƙe kyamara kamar an miƙa masa jaririn mutane.

Kyamarar ta kawuna ce, ƙanin mahaifiyata. Shi ya yi sana'ar hoto a Talata Mafara zamanin da ake shiga shago a zauna gaban labule mai zanen furanni, a ɗora hannu a gwiwa, a ƙi yin murmushi. Da wayoyi suka cika gari sai sana'ar ta mutu a hannunsa, ya koma noman rani wajen Bakura, kyamarar kuma ya tura ta ƙasan akwati. Ni na tono ta wata rana da na je gaishe shi, bayan na gama makaranta ina zaman jiran aiki. Baƙin ƙarfe ce mai nauyi, cikin jakar fata da ta bushe ta tsattsage. Ba ta cin batir, ba ta da allo a baya, ba ta yi maka komai da kanta. Akwai zobe ɗaya da kake murzawa har abin da kake kallo ya fito tas, akwai na biyu da ke buɗe ko tsuke ƙofar da haske ke shiga, akwai wani ɗan maɓalli a sama da ke ƙayyade saurin ƙiftawarta. In ka ɗauka sai ka ja wani ɗan hannu da babban yatsa don fim ya matsa gaba. Daga nan kuma sai haƙuri, domin ba za ka san abin da ka yi ba sai fim ya ƙare an kai shi an wanke.

Kawu ya ga yadda nake jujjuya ta, ya yi dariya ya ce, “Ɗauki in kana so. Amma ka sani, wagga ba ta gyara ma mutum kuskurenai. Abin da ka ba ta, shi taka maido maka.”

Na ɗauka da murna. Fim ɗin sai daga Legas na samo, ta hannun wani mutum da na gano a intanet yana sayarwa kuma yana wankewa. Sauran karatun a waya na yi shi, ina kallon bidiyon Turawa suna bayani a ƙarƙashin wata rana da ba irin tamu ba. Abokaina suka sa ni gaba da tsiya, suna kirana mai hoton gaibu, wai na ɗauki mutum sai a lahira zai ga kansa. Ban damu ba. Ƙarar nan da take yi in an danna, ƙaras, ta riga ta shiga raina.

To, mahaifina ɗan fari ne, kakata kuma tana da jinin Fulani, don haka kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Tun da aka yaye shi aka kai shi riƙo Bakura wurin wan babansa. Can ya girma, daga can ya dawo Mafara ya kafa rumfar hatsi a kasuwa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In magana ta kama dole sai ta ce “mutumin Mafara”, ko kuma “wancan”. In ya je gaishe ta yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita tana ciki ta ba ƙofar baya, a yi gaisuwa mai tsawo, a tambayi gida da kasuwa da ruwa da gajiyar hanya, amma duk ta bakin goggona, ƙanwarsa, wadda ke zama a tsakani tana maimaita abin da kowa ya riga ya ji. Ni kuwa da nake jika, ina shiga take tarbata da “ga maigidana ya zo hannu rabbana”, ta ja mini kunne, ta cika ni da fura har in kasa tashi.

Ba zan ɓoye ba, tun ina yaro abin yake ba ni haushi. Na sha tambayar kaina wace irin uwa ce za ta haifi ɗa ta yi shekara hamsin da wani abu ba ta ɗaga ido ta dube shi ba. Manya sukan ce fulako ne, tarbiyya ce, haka aka gada. Ni dai abin da idona ke gani shi ne mahaifina, mutum mai furfura, yana tashi daga bakin ƙofar nan yana kakkaɓe gwiwa, ya juya ya tafi ba wanda ya raka shi da kallo.

A daminar shekarar ta yi wani zazzaɓi mai tsanani da har aka fara kiran dangi, sai Allah ya tashi kafaɗunta. Bayan nan da ɗan lokaci ina zaune a rumfar Baba da rana, ina ta fama da kyamarata ina son in ɗauki tiyoyin gero da aka jera, sai na ji ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Wanga abu naka, shina ɗaukar mutum biyu?”

Na yi dariya na ce, “Baba, ko mutum ashirin ne.”

Ya ci gaba da daidaita bakin buhu. Can ya ce, “Ni dai ban da hoto ko guda da tsohuwa. Ran da tat tahi, ban da abin da zan duba.”

Mahaifina ba mutum ne mai roƙo ba. Ko ruwa yake so sai dai ya ce rana ta yi zafi. Jin wannan maganar daga bakinsa ya sa na ce masa in Allah ya yarda za a yi. Na faɗa da ƙarfin gwiwar wanda bai taɓa ganin ko hoto ɗaya da ya ɗauka da hannunsa ba, domin fim ɗin da ke cikin kyamarar shi ne na farko a rayuwata.

Mai karatu zai ce me ya hana a ɗauka da waya a huta. An gwada, ba sau ɗaya ba. Kakata ta tsani hoton waya tun ranar da ta ji an ɗauki wata maƙwabciyarta a wurin suna, kafin a watse wani a Gusau ya gan ta da lomar tuwo a hannu. Daga ranar, da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Don haka na riga Baba zuwa Faru, ƙauyen da take zaune, da kwanaki, ni da kyamarata, na je zawarcin tsohuwa.

Ta karɓe ta da hannu biyu, ta auna nauyinta, ta juya bayanta ta duba da kyau. “Ina wurin da mutum ka hitowa?”

“Babu, Kaka. Sai an kai an wanke, a fito da shi a takarda.”

“Irin na kakanka da zai tahi Makka?”

“Irinsa sak.”

“Ba shi shiga waya? Hoton waya yawo shika yi, ni ban son yawo.”

Na yi mata alkawarin ba zai shiga wayar kowa ba, har tawa. Goggo ta sa baki, ta yi ta lallashi, ni ma na yi ta zolaya ina cewa wace irin amarya ce mijinta ba shi da hotonta. Da ƙyar ta yarda, amma da sharaɗi. Duk gida za a ɗauka, ba su biyu ba. Ita tana wannan ƙarshe, wancan yana wancan ƙarshe. Kada ta ga waya ko ɗaya a tsakar gida. “Kuma guda,” ta ce, ta ɗaga mini yatsa. “In ka ɓata, kai kas sani.”

Na koma Mafara na kai wa Baba labari. Ranar tafiya ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ga hula sabuwar wanki. Hanyar ba kullum ake samun kwanciyar hankalin bin ta ba, sai da muka tambaya aka ce lafiya, kuma dole mu juyo kafin la'asar. Muka shiga mota zuwa Maradun, daga nan muka hau baburan kabu-kabu muka kutsa cikin gonaki. Ƙarshen damina ne, gero ya fi mu tsawo, ga gizagizai farare suna ta wucewa, rana ta fito ta ɓuya, ta fito ta ɓuya. Kowa a hanya yana yaba sanyin garin, ni kaɗai nake kallon sama da faɗuwar gaba, saboda na san duk lokacin da hasken ya canza, lissafina ya rushe.

Da aka gama gaisuwa yadda aka saba, ta bakin Goggo, sai aka fara shiri. Goggo ta bi kowa da ƙwarya ta karɓe wayoyi, ta rufe da faifai ta kai ɗaki. Aka jawo benci kusa da rumbu, aka shimfiɗa tabarma a gaba don yara. Baba ya zauna a ƙarshen dama, ya miƙe baya, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya ƙura wa kyamara ido tun ban ɗaga ta ba. Ƙannensa da matansu suka cika tsakiya. Kakata ce ta fito ƙarshe, da baƙin zanenta na saƙi da sandarta, ta zauna a 'yar kujera can ƙarshen hagu, ta karkata fuska wajen garken shanu kamar ba da ita ake ba.

Na tsaya a gabansu gumi yana bin bayana. Rana ta buɗe sosai, farar rigar Baba tana ɗaukar ido, don haka na tsuke ƙofar haske kamar yadda na koya. Sannan na shiga saitin nisa. A tsakiyar inda ake leƙawa akwai wata 'yar da'ira da ke raba abu gida biyu, sai ka murza zobe har rabin sama da na ƙasa sun haɗu. Na ɗora ta a bakin hular Baba ina murzawa, in wuce in dawo. Yara suka fara mutsu-mutsu, wata jaririya ta fara kuka.

“Maigida,” in ji kakata, ba ta ko juyo ba, “da tuwo anka aza da yanzu an kwashe.”

Aka fashe da dariya, na ce kowa ya natsu, ga shi nan. Na ja numfashi na fara danna maɓalli. Yatsana yana sauka ina jin zafin rana yana barin wuyana. Wani ƙaton girgije ya rufe ta ruf, tsakar gidan ya yi duhu kamar magariba ta kawo jiki, kuma a daidai wannan lokacin kyamarar ta ce ƙaras.

Mutanen da suka saba da waya, da sun ji an danna to an gama, sai a zo a gani. Yara suka zabura a guje suna “mu gani, mu gani”, manya suka fara miƙewa suna gyara zane. Ni kuwa na san na ɓata. Ƙofar da na tsuke don rana ba za ta ishi wannan duhun ba. Ban san lokacin da na murza zoben na buɗe ta ba, na ja hannun fim da babban yatsa, ina ihu “ku tsaya, don Allah ku tsaya”, na sake dannawa a kan mutanen da suka riga suka watse.

Akwai wani abu game da irin wannan kyamarar da sai wanda ya riƙe ta ya sani. Lokacin da ka danna, wurin leƙawar yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan ya dawo. Wato ainihin abin da ta ɗauka, kai mai ɗaukar ba ka gan shi ba. Da gani ya dawo mini, goshin wani yaro ne ya cika mini ido, sauran sun kewaye ni suna leƙen bayan kyamara suna mamakin ba kowa a ciki. Na ɗaga kai na hango kakata ta dogara sanda ta nufi ɗakinta.

Na bi ta har bakin ƙofa ina magiya. “Kaka, girgije ne ya shigo, a sake ɗaya tak.”

“An ce guda, an yi guda,” ta ce, ta saki labule.

A hanyar komawa, da muka sauka daga kabu-kabu muna jiran mota a Maradun, Baba ya ce, “Ya yi?” Na ce in sha Allahu. Ya dube ni, ya gyaɗa kai, bai ƙara cewa komai ba har muka isa gida. Da ma ya yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Na farko na san duhu ne, na biyu na san hargitsi ne, kuma na san tsohuwar nan ba za ta sake zama ba ko sama da ƙasa za su haɗu.

Ga shi kuma ba dama in buɗe in duba, sai fim ya ƙare. Na yi ta yawo ina cike sauran, na ɗauki masu shinkafa a fadamar Bakura, na ɗauki jakuna ranar kasuwa, na ɗauki Kawu yana wanke ƙafa a bakin rijiya. Da na ba shi labarin girgijen ya tambaye ni a nawa na bar ƙofar, na faɗa masa, sai kawai ya ce, “Allah shi kyauta.” Na naɗe fim ɗin na ba direban motar Legas, na kira mai wankin na roƙe shi ya buga a takarda ya aiko, kada ya turo mini ko ɗaya ta waya. Ya yi mamaki, ya ce kowa ta waya yake so. Na ce ni alkawari na ɗauka.

Makonnin jiran nan sun yi mini tsawo. Har aka fara girbi, sabon gero ya fara shigowa kasuwa. Baba bai taɓa tambayata hoton kai tsaye ba. Sai dai wani lokaci yana cikin awo ya ce, “Motocin Legas dai suna wuya kwanan nan,” in ce e, Baba, suna wuya.

Ranar da saƙon ya iso, da hantsi, ban iya jira na kai gida ba. A kan bencin tasha na zauna na farke ambulan. Kai, na ga aikin hannuna! Jaki ba kai, fadama ta karkace kamar za ta zube, Kawu ya zama wani farin dishi-dishi. Ina ta zarewa har na iso na Faru. Na farkon dai yadda na zata, baƙi ƙirin, ba abin da ake gani sai farar rigar Baba tana shawagi babu fuska. Na ɗan jima riƙe da shi kafin in zare in ga na biyun, don na riga na san shirme ne.

Gaban hoton shirmen ne kuwa. Yara sun zama inuwoyi masu gudu, Goggo ta buɗe baki tana yi wa wani tsawa, wani ƙanin Baba ya juya ƙeya. Amma hasken ya zauna daidai, mai laushi, kowace fuska da ta tsaya ta fito da kamanninta. Mutum biyu ne kawai suka tsaya. A ƙarshen dama ga Baba, bai motsa ba, hannuwa a gwiwa, yana kallon kyamara tsakaninsa da Allah, shi kaɗai ya ji roƙona. A ƙarshen hagu kuma ga kakata. Ta fara miƙewa, hannu ɗaya a kan sanda, mayafinta ya zame daga goshi. Ta ga kowa ya shagala, ta tabbata an gama, sai ta juyo da fuskarta gaba ɗaya, ta tsallake kawunan mutanen da ke tsakani, ta sauke ido a kan mahaifina.

Na san fuskar kakata tana dariya, na san ta tana faɗa, na san ta tana zolaya. Wannan fuskar ban taɓa ganinta ba. Idon ya yi taushi, bakin ya ɗan buɗe, goshin ya ɗan tattare irin na mai duba ko yaro ya ci ya ƙoshi. Kallo ne na mai sauri, wadda ta san lokacinta kaɗan ne kuma tana son ta kwashe komai kafin a gan ta. Ina zaune cikin hayaniyar tasha, 'yan kamasho suna kiran Sakkwato da Gusau, ni kuwa sai maimaita Allahu Akbar nake yi a hankali. Ina wurin, ni na riƙe kyamarar, ni na danna, amma ban gani ba. Mutum kusan ashirin a tsakar gidan, ba wanda ya gani. Wani tsohon ƙarfe da ya shekara a ƙasan akwati shi aka nufa ya gani, a cikin ƙiftawar da ni idona yake rufe.

Na tarar da Baba a rumfa shi kaɗai. Na miƙa masa hoton. Ya goge hannu a jikin riga, ya ciro tabarau ya sa. Ya fara duba kansa, na ga ya ɗan yi murmushi. Sannan idonsa ya bi layin mutanen har ƙarshe, ya tsaya. Ya kai hoton kusa da fuska, ya nisanta shi, ya sake matso da shi.

“Wa taka kallo?” ya ce.

“Kai, Baba.”

“A'a. Duba dai da kyau. Ba kowa bayana?”

“Rumbu ne kawai a bayanka.”

Ya sa yatsa a fuskarta, ya ja shi a hankali bisa takardar, ya bi inda idon ya nufa, yatsan ya zo ya tsaya a kan hularsa. Sai ya zauna a kan buhu. Wata mata ta zo sayen dawa ta yi sallama har sau biyu bai ji ba, ni na auna mata. Da na juyo na ga ya cire tabarau yana share ido da hannun riga, a tsakiyar kasuwa, mutumin da ko a jana'izar mahaifinsa aka ce ba a ga hawayensa ba.

“Ashe tana dubana,” ya ce.

Hoton kwafi biyu aka bugo, don haka bayan kwanaki na kai wa mai shi nata. Na same ta a inuwar ɗaki tana tsinar wake. Na yi shirin zolaya iri-iri a hanya, amma da na miƙa mata sai duk na manta. Ta kai shi wajen haske ta duba. Ta daɗe. Sannan ta kife shi a kan tabarma da sauri, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, tsohuwa mai jikoki da tattaɓa kunne.

“Wanga akwati naka bai da kunya,” ta ce.

Ta ci gaba da tsinar wake, amma na lura tsakuwa take mayarwa cikin wake, waken tana zubarwa.

“Shi ya gani?”

“Ya gani, Kaka.”

“Mi yac ce?”

“Ya ce ashe kina dubansa.”

Ta ture waken gefe. Da ta yi magana, muryar ta yi ƙasa har sai da na matso. “Ba ranan nih hwara ba. Tun shina goye ga bayan wata nika yi. Ran da anka tahi da shi Bakura, ta hudar zana nib bi shi da ido har sunka ɓace.” Ta share hanci da bakin zane, ta dawo da muryarta ta kullum. “Ya rame. Ka ce ma uwarka ta riƙa dama mai hura da nono mai kyau, ba wanga ruwa-ruwa na birni ba.” Hoton kuwa ba ta maido mini ba, ta tura shi ƙarƙashin cinyarta.

Kada wani ya zaci daga nan komai ya canza. Ko kaɗan. Har Allah ya karɓi ranta ba ta kira sunansa ba, kuma duk zuwan da ya yi bayan nan a bakin ƙofa ya durƙusa, Goggo tana tsakani. Abu ɗaya ne ya sake, shi ma sai mai lura. Da, in an gama gaisuwa Baba yakan tashi ya fice da sauri. Bayan hoton sai ya daina saurin. Yakan miƙe ya taka zuwa tsakiyar gida, daidai inda ake hangowa daga cikin ɗakinta, ya juya wa ƙofar baya, ya harɗe hannu yana kallon shanu. Mutumin da ba ruwansa da kiwo, sai ya tsaya yana tambayar wace saniya ce ta haihu, wane maraƙi ne ba shi da lafiya, a ba shi amsa ya sake jawo wata tambayar. Ni da nake gefe ina ganin labulen ɗakin ya ɗan ɗage. Bai taɓa waiwayawa ba.

Na ci gaba da ɗaukar hoto, yanzu har ana cewa na iya, amma ban sake ɗaukar wanda ya kama ƙafar wancan ba, kuma na san ba gwanintata ce ta yi shi ba. Abin da ranar ta koya mini shi ne in daina yanke wa zuciyar mutum hukunci da abin da ya bari na gani. Na yi shekaru ina jin haushin tsohuwar nan a kan rashin kulawa, alhali ita tana can bayan zana tana ƙirga ramar ɗanta. Akwai masu sonmu da ba za su taɓa iya faɗa ba, tarbiyyarsu ko halinsu ya ɗaure musu baki, sai mun juya baya suke samun damar kallonmu. In Allah ya sa ka gane kana da irin wannan mutumin, kada ka matsa masa ya furta. Ka rage sauri kawai in za ka fita, ka ba shi lokaci ya gama kallonka.